Kwana Ɗaya Ko Biyu, In Ji Doka

Ran 10 ga watan Disamba na 1948 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a birnin Paris ta zartar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam mai sassa 30, watau abubuwan da kowane mutum ya cancanta don kawai shi mutum ne, ba don wata Gwamnati ta ga dama ta yi masa alheri ba. A lokacin Nijeriya tana hannun Turawa, ba ta da kujera a zauren. Sai bayan da Kwamitin Willink ya binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke ji, ya miƙa rahotonsa a 1958, sa'an nan aka sa irin waɗannan haƙƙoƙi cikin tsarin mulkin da aka karɓi 'yancin kai da shi a 1960.

Masu cewa wannan baƙon abu ne sun manta da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soki sarakunan Hausa cikin Kitabul Farƙi bisa ƙwace dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa.

To, amma rubutun takarda shi kaɗai bai taɓa fid da kowa daga bayan kanta ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama, a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Kana a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da mai laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar soja ta 2 ta 1984, wadda ta halatta tsare mutum ba shari'a, an soke ta tun 1999. Duk da haka, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna.

Me ya riƙe su? Sau da yawa fayil ne ya kwana a kan teburin wani akawu, ko ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a, ko kuwa babu motar kai su kotu. Ma'aikacin da ya ce a dawo gobe wataƙila bai san ya ƙara wa wani magidanci wata guda a tsare ba, iyalinsa kuwa suna sayar da akuya don biyan belin da ake ta shelar cewa kyauta ne.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka kafa irinta, ta hana kama wani a madadin ɗan'uwansa, ta kuma umurci Manyan Majistare su riƙa zaga ofisoshin 'yan sanda kowane wata su duba waɗanda ke tsare. Lalle ne Babban Jojin kowace jiha ya nemi rahoton wannan rangadi a rubuce, da sunan kowane tsararre da ranar da aka kama shi.