Filin Uwargida: Ina Za Ki Sauki Sabuwar Baƙuwa?

A wannan watan za mu leƙa ɗakin mai jego ne, mu ga yadda ake gyara wa jaririya wurin kwananta.

Abin da ya jawo wannan magana, kwanakin baya na je barka wani gida a cikin birni. Ɗaki ya sha jere, labule ruwan hoda, gadon jaririya cike da ’yan tsana da ƙananan filalla har da ƙyar na hango fuskarta. Amma taga a toshe take da tsumma, ga kaskon garwashi a tsakar ɗaki, ga turaren wuta ya turnuƙe, bango kuma yana ta warin sabon fenti. Ni babba ban yi minti goma ba idanuna suka fara hawaye. To ina ga ’yar kwana uku?

Da farko, kada hotunan gidajen Turawa su sa ki ji kin gaza don ba ki ware wa ’yarki ɗaki ba. Yawancinmu a cikin ganuwa ciki da rumfa ne da mu, wasu ma gidan gandu ne. Su kansu likitocin yara shawararsu ita ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarsa aƙalla wata 6 na farko, a shimfiɗarsa ta daban. Ke nan kusurwa ɗaya kusa da gadonki ta ishe ta. Idan wankan gida za ki tafi, sai ku tsara wannan da Hajiya tun ciki yana wata bakwai.

Ki fara da iska da haske. Zaɓi gefen da iska ke ratsawa, nesa da ƙofar da ’yan barka ke shige da fice. A sa wa taga raga, a ɗaura labule marar nauyi, amma kada a toshe ta. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata guba marar wari marar launi, wadda kan kashe mutum yana barci. Ko da hunturu ne, gara a ƙara wa yarinya riga da hula da safa a kan a kwana da kasko. Turaren wuta kuwa ba a hana ki ba, sai dai a turara ɗakin lokacin da aka fita da ita tsakar gida, hayaƙin ya washe kafin a dawo da ita. Janareta shi ma a nisanta shi da tagar.

Haske yana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. A makon farko ne shawara ta fi kama jarirai, kuma a ɗaki mai duhu ba za ki lura ba. Kowace safiya ki duba farin idonta da tafin hannunta a hasken rana. Idan kika ga rawaya, kada ki jira a yi suna, ki garzaya asibitin da ya fi kusa da ke, ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ga na Murtala. Shawarar da aka bari ta yi ƙarfi tana taɓa ƙwaƙwalwa. Haka kuma ki raba kayanta da kafur, wato fararen ƙwallayen nan da muke jefawa akwati saboda kyankyaso. Akwai jariran da aka haifa da wani rauni a jininsu, kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. A wanke kaya, a shanya a rana, a goge, ya wadatar.

Sai bango. Idan za a yi fenti, a yi na ruwa, a kuma gama shi da makonni kafin haihuwa don warin ya fita. A guji fentin mai da ba a san asalinsa ba, domin wasu suna ɗauke da dalma, kuma yaro da ya fara rarrafe komai baki yake kaiwa. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin haƙar zinare. Idan ginin ƙasa ne, a yi yaɓe a toshe ramuka saboda kunama da ɓera. A ƙasa kuma leda ta fi kafet, don ana goge ta kullum, kafet kuwa ƙura yake tarawa.

Shimfiɗarta ta zama katifa mai ɗan tauri wadda ta cika gadon ba rata, da zani a ɗame. Ba filo, ba ’yan tsana, ba tulin bargo, kuma a kwantar da ita rigingine. Gidan sauro mai magani shi ne babban adon wannan gado, musamman daga damina zuwa kaka lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta a Kano. Ya fi maganin sauro mai hayaƙi nesa ba kusa ba.

To ina kwalliyar? Tana nan, kuma ba sai kin ci bashi ba. Yadi ’yan kamu daga Kantin Kwari ya isa labule da zannuwan gado. A Kofar Wambai za ki sami baho da kwanduna na roba, ki ware na riguna, na nafkin, na sabulu da mai. Kasuwar Kurmi kuwa, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, cike take da faya-fayi masu launi da ƙore masu zane. Jera uku ko huɗu a bango, sama inda hannu ba ya kaiwa kuma ba saitin kanta ba, ki ga yadda ɗaki zai haskaka. Bayan suna sai ki sa a ɗinka sunanta a ɗan ƙyalle ki rataya. Kuɗin da ya ragu ki adana don awo da magani.

A ƙarshe, uwargida, ’ya mace baƙuwar alheri ce, kuma addininmu ya yi alkawarin lada mai girma ga wanda ya kyautata renonta. ’Yan barka za su yaba labule su tafi, ke za a bari da yarinya cikin dare. Don haka ki gyara ɗakin domin ita.

Allah Ya raya mana zuri’a, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.