Kafin ka sayar da tsohuwar laftof ɗinka, karanta wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan mastas da ke kai-komo tsakanin Gwagwalada da babban harabar da ke hanyar filin jirgi. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri, amma magana ce ta kuɗinmu da kundin digirinmu.

Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro, sai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista ta musamman. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: tana son TPM 2.0, kuma a injinan Intel sai daga zubi na takwas zuwa sama. To duba abin da ke hannun yawancinmu: HP EliteBook 840 G3, ThinkPad T460, Dell Latitude E7470, 'yan gwanjon da ake sayowa a Banex ko a yi wa mutum aike daga Kano. Duk zubi na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, amma a hukumance an ce ba su isa ba.

Zaɓi uku ake ba mu. Ka sayi sabuwa, da kuɗin da ba ka da shi. Ka ci gaba da Windows ɗin da ba a toshe mata ƙofa. Ko a ɗora maka wata ta bayan fage wadda ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba, ga manhajar bankinka da hotunan gidanku a ciki. Ra'ayina shi ne akwai na huɗu da ya fi su: a sa Linux a gefen Windows, a yi shi da tsari.

Linux ba sabon abu ba ne. Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma wayar Android da ke hannunka a kansa take tafiya. Ubuntu 24.04 ya fito a Afrilun 2024, da gyaran tsaro kyauta har 2029. Linux Mint 22 a kansa aka gina shi, ya fi kama da Windows a ido, kuma girmansa bai kai giga 3 ba, yayin da na Ubuntu ya doshi 6. Ga mai lissafin data, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mutum ɗaya ya sauke, aji guda ya amfana, kuma halal ne, lasisinsa ya yarda a raba.

Na san abin da za a ce: "Ai wane ya gwada, kwamfutarsa ta ƙi tashi." Haka ne, yana faruwa. Amma galibi matsalar ta rashin sanin UEFI ce, wato manhajar da ke tashin kwamfuta kafin komai ya buɗe, wadda ta gaji tsohon BIOS. Da yawa suna bin bidiyon shekara goma baya, su juya kwamfutar zuwa Legacy, alhali Windows ɗinsu a UEFI aka sa ta. Sai a samu biyu a gida ɗaya ba sa jin yaren juna. Ga abin da ya kamata:

1. Kwafe aikinka wuri biyu, filas da Google Drive. Wanda bai yi wannan ba, don Allah ya tsaya a nan.

2. Duba ko BitLocker na kunne. In yana kunne, rubuta lambobin ceto guda 48 ɗin a takarda, sannan ka kashe shi. In Windows ta nemi lambobin nan ba ka da su, ba mai gyaran da zai fito maka da babi na huɗu.

3. Kashe Fast Startup, don Windows ta riƙa mutuwa gaba ɗaya, ba ta yi likimo tana riƙe da faifan ajiya ba.

4. Daga cikin Windows ka rage mata wuri. Giga 25 ne mafi ƙaranci, amma ba shi 50 ka huta.

5. Haɗa filas ɗin da Rufus, ka zaɓi GPT, ba MBR ba.

6. Wajen tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Zaɓi filas ɗin da aka rubuta UEFI a jikin sunansa. Ubuntu na tashi da Secure Boot a kunne, saboda Microsoft ta sa hannu a ɗan shirin da ke tashinsa, don haka ba dole sai ka kashe ba.

7. Gwada shi daga filas tukuna. Wayifai, sauti, kyamara, duk ka taɓa. Sai sun yi sannan ka ce a sa shi a gefen Windows. Ƙaramin yankin nan na EFI kuwa, kar ka goge shi, nan ne dukansu biyu ke ajiye makullin tashi.

In ya ce bai ga faifan ajiyarka ba, yawanci Intel RST ne. Sai an mayar AHCI, kuma sai an bi ta Safe Mode a Windows tukuna, in ba haka ba ta ƙi tashi. Nan kam nemi wanda ya taɓa yi. Sannan in ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, kar ka tsorata, Linux da agogon duniya yake lissafi, mu kuma muna gabansa da awa guda. Layi ɗaya ke gyarawa.

Yanzu gaskiyar da masu tallar Linux ba sa son faɗa. Sufabaizanka da Word yake gyara, kuma LibreOffice kan karkatar da tebur ko lambar shafi. Wasu sassan sun nace sai SPSS. Shi ya sa ban ce a goge Windows ba. A bar ta don waɗannan, a rage shiga intanet da ita. Sauran aikin kuwa, Zotero na nan, R da jamovi da JASP na nan, kyauta, ba wani lasisin sata da zai mutu ana saura kwana uku ka miƙa aiki. Ƙwayar nan da ke mayar da fayil shotkot bayan ka kai filas shagon buga takardu ba ta aiki a Linux. Har allon rubutun Hausa yana ciki, da ɓ da ɗ da ƙ.

Lokaci ma abin dubawa ne. Kar ka yi wannan a makon kare kundi. Jira hutu, batir a cike, domin ɗauke wuta ana tsakar yanka faifai ba wasa ba ne.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi da MSSN: a ware Asabar ɗaya a zango, 'yan kimiyyar kwamfuta su zo da filas, a zauna a yi wa mutane a gabansu, maza da mata, kowa ya ga yadda ake yi. 'Yar uwa ba sai ta bar laftof ɗinta da hotunanta a shagon da ba ta sani ba har kwana biyu.

Wanda ya taɓa yi, ya rubuta irin laftof ɗinsa da abin da ya ci karo da shi a ƙasa, na baya su amfana. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya sa wa karatun albarka.