Kile na gari da kile mai walƙiya

 

Zancenmu na wanga wata a kan kile ne, wato ƙarfen da ake kwance noti da shi, a ɗaure. Maƙwabtanmu na Najeriya sifana suke ce mashi. Da can kayan aikinmu hauya ce da gatari, in sun lalace maƙeri ya gyara. Yau kuwa amalanke, galmar shanu, keke, moto, injin ban ruwa, duk noti ke riƙe da su.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Bara da ɗari, yayana ya dawo daga kasuwa da wata jakar roba. Kile 12 ne jere a ciki, suna walƙiya kamar kwanon amarya. Ya ce mani: «Ƙanena, yau na yi dace, araha na samu.» Bayan ya dasa albasa, sai injinshi ya daina jan ruwa. Ya ɗauko kile zai buɗe ya duba. Notin ya yi tsatsa. Ya ja da ƙarfi, sai bakin kile ya buɗe, ya zame. Kusurwoyin noti sunka murje, ya koma mulmulalle, yatsun yayana kuma sunka daki ƙarfe har jini. Daga nan babu kilen da ke iya kama notin. Sai da anka ɗora injin bisa amalanke anka kai gari, mai gyara ya fid da shi da guduma. Kwana 2 garka ba ta sha ruwa ba. Dashe ya kwanta, fangali da dama sai da anka sake su. Ku lissafa: kuɗɗin jaka, kuɗɗin mai gyara, kuɗɗin iri, ga wahalar jaki. Magabata sun ce araha ba ta ado.

Irin kilen da ya fi amfani ga manomi shi ne mai kai biyu, wanda masu gyara ke kira kile mikis. Kai ɗaya buɗe yake kamar gwafa, ɗayan kuma zobe ne. Duka biyun lambarsu ɗaya. Ku ɗauki noti ku ƙirga gefunanshi, 6 ne. Gwafa gefe 2 kawai take kamawa. Zobe kuwa shina kewaye noti, ya kama kusurwoyin duka. Don haka zobe ake sa wa noti mai gardama, da shi kuma ake matsewar ƙarshe. Gwafa ta sauri ce, bayan noti ya saki, ko inda zobe ba ya iya shiga, kamar notin da ke jikin tiyo. Da yayana ya fara da zobe, wataƙila da abin bai kai haka ba. Amma ƙarfen ma ba na kirki ba ne.

Yanzu lambobi. A nan wanda ya koyi karatun lamba ba ya buƙatar ɗan rakiya. Lambar da ke jikin kile faɗin noti ce, daga gefe zuwa gefe, da milimeta. Moto da injin ban ruwa na Japan, Sin da Indiya yawanci 8, 10, 12, 14 da 17 suke so. Kayan Turai kuwa sun fi amfani da 10, 13, 17 da 19. Notin ƙafar keke ta baya, da na feda, yawanci 15 ne. Na amalanke da galma manya ne, kuma sun danganta da wanda ya ƙera su, sai kowa ya gwada nashi. Ku yi hattara da 12 da 13. Ido ba ya rarrabe su, milimeta 1 ce tsakaninsu. Amma in ka sa kile 13 bisa noti 12, shina shiga, shina girgiɗi, sai ya cinye kusurwa. In kuma kun ga lamba biyu da zane tsakaninsu, kamar 1/2 ko 9/16, wannan awon inci ne na kayan Amurka. Ku bar shi, ba na kayanmu ba ne.

To, yaya ake gane na gari a kasuwa?

Kada ka tafi hannu banza. Ka sa noti guda mai lafiya cikin aljihu, irin na injinka. A gaban mai shago ka sa shi cikin gwafa, ka sa shi cikin zobe, ka motsa. Kile na gari shina karɓar noti daidai, wasan kaɗan ne ƙwarai. In noti shina rawa a ciki, ajiye, ko da mai shago ya rantse. Ka duba cikin gwafa: gefen nan biyu su zama sumul, a miƙe. Ka duba haƙoran zobe, yawanci 12 ne, su fito sarai, babu wanda ya fi wani. Lambar kuma ta zama bugaggiya cikin ƙarfe, wadda yatsa ke ji.

Za ku ga an rubuta Chrome Vanadium ko Cr-V a jikin wasu. Ma'anarshi an gauraya ƙarfen da wasu ma'adinai biyu masu ƙara mashi ƙarfi. Alama ce mai kyau. Haka sunaye irin Facom na Faransa ko Gedore na Jamus. Sai dai rubutu ba shi da wuyar bugawa, kuma akwai na jabu. Ni na fi yarda da magagari. Ka goga shi kaɗan a gefen kile. In ya ci ƙarfen da sauƙi kamar shina cin ƙusa, ƙarfen mai taushi ne. Ba kowane mai shago ke yarda da wanga gwaji ba, amma mai sai da tsofaffin kaya ba ya hanawa.

Tsofaffin nan, kada ku rena su. A kasuwar Katako ta Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ana iya dacewa da kilen da ya yi shekaru a gareji. Ya yi baƙi, ba ya walƙiya. Amma in ya sha wannan aiki duka bakinshi bai buɗe ba, ai ya riga ya ba da shaida. A duba dai kada zoben ya tsage, ko haƙoran su cinye.

Shawarata ita ce, mai inji ko moto ya nemi 6 masu kyau: 8, 10, 12, 13, 14 da 17. Kuɗɗinsu zai wuce na jakar nan mai 12, gaskiya ne. Amma ba dole ba ne a saye su rana ɗaya. A fara da 10 da 12, sauran a ƙara bayan an sai da albasa ko wake. In da hali, 10 a yi shi biyu, don wani lokaci sai an riƙe kan bulon da ɗaya sannan a juya noti da ɗaya. Shi ne kuma ya fi ɓata cikin rairayi. Manyan, daga 19 zuwa 24, sun fi tsada, kuma ba kullum ake nemansu ba. Ƙungiyar gari ta saye su, a ajiye wurin ma'aji, wanda ya ara a rubuta sunanshi. Buji kuwa shina da nashi kile mai kamar bututu, wanda ke zuwa tare da inji. Ku tambaye shi ranar da kunka sayi injin.

Ko na gari shina son riƙo. A ja shi wajen ƙirji, kada a tura, don in ya kuɓuce yatsu su tsira. Kada a sa mashi bututu don ƙarin tsawo, kada a buge shi da guduma. Noti mai tsatsa a ɗiga mashi gazuwal, a ba shi lokaci. In an gama aiki a goge, a zura waya cikin zobban, a rataye cikin ɗaki.

Jakar yayana tana nan, yara ke wasan gareji da ita. Ran nan na ɗauki mai lamba 10 na gwada. Noti 11 ke shiga bakinshi yanzu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.