Masar: darajar fam na rataye da buhun alkama

Ranar 6 ga Maris 2024 babban bankin Masar ya sakar wa kasuwa farashin fam, kuɗin ƙasar. Kafin rana ta faɗi, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa wajen 50. Matakin na cikin sharuɗɗan asusun lamuni na duniya FMI, wanda ya ƙara bashin da zai ba ƙasar zuwa dala miliyar 8. Bayan wata uku, farashin burodin da gwamnati ke tallafawa ya ninka sau huɗu, karo na farko cikin shekara sama da 30.

Dalilin a fili yake. Masar na sahun gaba a duniya wajen sayen alkama daga waje, galibi daga Rasha, kuma da dala take biya. Ga shi hare-haren ƴan Huthi a Bahar Maliya sun rage mata fiye da rabin abin da mashigin Suez ke kawowa a 2024.

Alaƙar kuɗi da hatsi daɗaɗɗiya ce a bakin kogin Nilu. Fir'aunonin da suka gina dalar Giza ba su buga tsabar kuɗi ba. Ana ƙiyasta darajar kaya da “deben”, ma'aunin tagulla da ya kai kusan giram 91 a zamanin su Ramsis, sannan a yi musaya: akuya da tufafi, gado da hatsi. Albashin ma'aikata alkama ne da sha'ir. Da rabon ya yi jinkiri a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, masu haƙa kaburburan sarakuna a Deir el-Medina suka ajiye aiki. Shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. A 1977 ma, da Anwar Sadat ya taɓa tallafin abinci, tarzoma ta tilasta masa janyewa cikin kwana biyu.

Bambancin shi ne, Masar ta da daga rumbunta take biya, har ta ciyar da birnin Rum. Ta yau kuwa sai ta nemo dala kafin ta cika tanda.

Mu da muka ga karyewar sefa a 1994 mun san wannan zafin. Yanzu da ake maganar ƙasashen AES su yi kuɗinsu, darasin Masar shi ne mallakar kuɗi ba ta hana shi faɗuwa. Muddin shinkafar da ake ci a Yamai da Maraɗi daga waje take zuwa, kowace irin takarda aka buga, farashin buhu ne zai faɗi darajarta.