Ƙyallin Fedar Keke a Hanyar Shinkafi

Ranar Alhamis bayan magariba, direban da ya baro kasuwar Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda yakan riski masu keke cikin duhu, galibi ba fitila ba danja. Abin da kan cece su shi ne ɗan gilashin nan ruwan ɗorawa na jikin feda, domin hawa da saukarsa cikin hasken mota ke shaida wa direba mutum ne a gabansa. A Ingila doka ta wajabta shi da dare ga kekunan da aka ƙera tun daga Oktoban 1985. Mu kuwa, daga Zurmi har Ƙaura, in ya fashe shi ke nan. A ganina, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara wayar da kan masu gyaran keke a rumfunansu, kafin ta tare talaka a hanya.