Zare: Kafin ka sayi sabon tire, ka fara lulluɓe murhunka

1/
Yau ra'ayi zan faɗa kan wata sana'a da na tsinci kaina a cikinta a nan jihar Vermont ta Amurka, wato dafa zumar mapul da itace. Ra'ayin kuwa shi ne: duk wanda ya kashe kuɗi kan tire mai ƙyalli ya bar murhunsa tsirara, wallahi itacensa yake bai wa iska sadaka. Ku biyo ni a hankali.

2/
Ga wanda bai san ta ba. Mapul bishiya ce ta ƙasashen sanyi. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, idan dare ya daskare rana kuma ta ɗan saki, sai a huda jikinta ruwa ya riƙa ɗiga. Shi ake dafawa har ya yi kauri kamar zuma. Lardin Quebec na Kanada ke samar da wajen kashi 70 cikin 100 na duniya, a Amurka kuma Vermont ce kan gaba.

3/
Ruwan nan idan ka kurɓa da kyar za ka ji zaƙi, sukarinsa wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai. Zumar kuwa sai ta kai kashi 66. Shi ya sa sai ka dafa wajen lita 40 kafin ka samu lita 1. Ka ga ke nan aikin gaba ɗaya korar ruwa ne: lita 39 ta tashi a tururi.

4/
Bara na fara taya wani dattijo maƙwabcina. Murhunsa bulon siminti ne aka jera, aka ɗora doguwar tire a kai, aka kafa bututun hayaƙi a baya. Idan wuta ta kama, daɗi ake ji. Ƙanƙarar da ke kewaye duk ta narke, mu cire riguna masu nauyi muna hira. Ni har yabon murhun nake.

5/
Ba mu kai ƙarshen kaka ba itacen da ya shekara yana faskarewa ya ƙare. Ruwan da muka tara a durom ya kwana biyu rana ta buge shi, ya yi gajimare, ya fara tsami, muka zubar. Shi wannan ruwa kamar madara yake, ba ya jira. Ranar na ga dattijon ya yi shiru yana kallon bulonsa da duk ya tsattsage.

6/
To mu yi lissafi, don lissafin ne ya canja min tunani. Mayar da kilo 1 na tafasasshen ruwa tururi yana cin kilojul 2,260. Lita 39 ke nan wajen megajul 88. Ƙara da ɗaga ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, kusan 17. Jimla wajen 105. Busasshen itace kilo 1 yana ba da kamar megajul 15.

7/
Ma'ana, da duk zafin yana shiga tire, itace kilo 7 ya isa lita 1 ta zuma. Amma tsohon ƙiyasin manoman nan shi ne tulin itace mai ƙafa 4 da 4 da 8 yana ba da galan 20 zuwa 25 a murhun gargajiya. Idan ka auna, ya kai kilo 15 ko fiye kan kowace lita. Wannan ma murhun kirki ke nan, balle na bulo irin namu.

8/
Ina sauran ya tafi? Wani ya bi bututu ya fita da hayaƙi. Wani ya ƙare wajen busar da ɗanyen itace. Wani kuma ya ratsa bango ya zo yana dumama mana ƙafa. Ɗumin nan da nake yabo, gumin dattijon ne yake ƙonewa.

9/
Bana muka sake gini. Ga yadda ake yi, daga waje zuwa ciki. Na farko jikin ƙarfe. Na biyu bargon siramik, wani abu mai kama da auduga, kaurin inci 1 ko 2, wanda aka yi shi don jure zafin da ya kai digiri 1,260 a ma'aunin Salsiyos. Na uku jan bulo na wuta, a wurin da itace ke ci.

10/
A nan mutane ke yin kuskure, suna zaton bulon wuta shi ke tsare zafi. Bulo mai nauyi shan zafi yake ya riƙe, sannan ya miƙa shi waje a hankali. Amfaninsa ya kare bargon daga dukan itace idan ana jefawa. Bargon ne mai tsarewa. Ka sa bulo kaɗai, za ka ga bango na ci gaba da ƙona hannu.

11/
Sai ƙarƙashin tire. Bayan ɗakin wuta ana cike ƙasan murhu ya tashi kamar gangare, har ratar da ke tsakaninsa da gindin tire ta rage 'yar kaɗan. Da haka harshen wuta zai lashi ƙarfen dole kafin ya isa bututu. Wasu da yashi suke cikewa. Yashi na da arha amma yana shan zafi da laima. Abu mara nauyi ya fi, a shimfiɗa bargo a kai.

12/
Kada a manta da ƙofa da bakin da tire ke zama. Duk kafar da iska mai sanyi ke kutsawa tana kashe tafasa. Igiyar siramik a gefen tire, ɗan bargo a bayan ƙofa, shi ke nan. Bututu kuma ƙa'idarsu ita ce tsawonsa ya kai ninki biyu na tsawon tire, don ya ja iska da kyau.

13/
Gargaɗi, don Allah a ji. Ƙurar bargon siramik na da illa ga huhu. A sa takunkumi na gaske da safar hannu da dogon hannu lokacin yanka, kuma kada a bar shi a buɗe inda zai zuba cikin tire. Audugar gilashi ta rufin gida ba ta jure wannan wuta. Kwano mai rufin zinki ma kada ya kusanci ɗakin wuta, hayaƙinsa guba ne.

14/
Na san abin da wasu za su ce: "Malam, itacen nan fa kyauta ne, daga dajina." Haba ɗan'uwa. Wa ya sare? Wa ya faskara, ya jera, ya jira shekara ya bushe? Man injin sara fa? Dattijon nan ya haura saba'in. Duk gungumen da bai ƙone a banza ba, bayansa ne ya huta.

15/
Wasu kuma su ce kakar sati 4 zuwa 6 ce, ba ta kai a kashe kuɗi ba. Ni gajartar ce ma hujjata. Ranar da bishiyoyi suka saki ruwa da yawa, ko ka dafe shi a ranar ko washegari, ko darajarsa ta faɗi. Murhun da ke tafasa da sauri shi ke raba ka da kwana a tsaye har asuba.

16/
Wanda na yarda da shi: mai bishiya 3 ko 5 da yake yi don yara su gani, ya jera bulonsa ya more, babu laifi. Haka manyan gonaki masu na'urar tace ruwa, wadda ke cire mafi yawan ruwan kafin a kai wuta, lissafinsu daban. Maganata da na tsakiya ne, mai bishiya 30 ko 100 da gatari a hannu.

17/
Kuma gaskiya gyaran na da nasa haɗarin. Murhun da aka lulluɓe ba ya hucewa da wuri. Ka daina sa itace, tire na ci gaba da tafasa. Zuma na nuna ne a wajen digiri 104, kaɗan ya rage ta ƙone. Daren farko saura ƙiris mu yi asarar tire, Allah ya sa akwai bokitin ruwan bishiya a kusa. Yanzu tun da saura muke janye wuta.

18/
Sakamako? Bana tafin hannu nake ɗorawa a jikin murhu ana tsaka da wuta. Sanyi muke sha a rumfar, ba mai cire riga. Amma tafasar ta kai har ƙarshen tire, kaka ta wuce, kuma ga ragowar itace a jere. Dattijon ya ce hirar bara ta fi daɗi. Na ce masa Baba, hirar bara da tsada muka saye ta.

19/
Abin ya tuna min masu dafa ruwan rake su yi mazarƙwaila a gida, don aikin ɗaya ne: korar ruwa a bar sukari. Ba sai da bargon siramik ba. Yumɓu da aka cuɗa da ƙaiƙayi ko garin katako yana tsare zafi fiye da zallar laka. Gwajin kuma mai sauƙi ne: kusanta hannu da bangon murhu. In ya kore ka, makamashinka na zurarewa.

20/
Tsarin da nake ba da shawara: busasshen itace tukuna, a faskara shi sirara. Sai lulluɓi da toshe kafofi. Sai gangare da bututu. Sabon tire ya zo a ƙarshe, in da sauran kuɗi. Masu mazarƙwaila da masu turara shinkafa da ke nan, ku faɗa min yadda kuke gina naku, ina son in koya. Allah ya sa wa nema albarka.