An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yoyon Mai A Cibiyar Tayar Mota

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkarar Jihar Zamfara, daga Tsafe zuwa 'Yankuzo, ko daga Bungudu zuwa ƙauyukan da ke gaɓar gulbin Sakkwato, ya san wani ciwo da motocin shiga daji irin su Hilux da Land Cruiser kan yi fama da shi. Sai a ga baƙin danshi a bayan taya, ƙura ta manne masa, ga warin man giya yana tashi. A kai mota gareji a Gusau, bakanike ya ce oyil sil ne ya mutu, a sayo sabo a sa. Bayan 'yan makonni yoyo ya dawo, a sake sayo wani, a zagi mai shagon da ya sayar da na farko. A ra'ayina, wannan ɗabi'a ta canza sil ba tare da tambayar abin da ya kashe shi ba, ɓarnar dukiya ce, kuma wasa ne da rayuka.

Bari mu fara da sanin shi kansa sil ɗin. Zobe ne na roba mai ƙarfe a ciki, wanda ke zagaye sandar da ke juya taya don ya tsare mai a cikin aksil. Wani injiniya mai suna Walther Simmer ne ya ƙirƙiro irinsa a 1929 a kamfanin Freudenberg na ƙasar Jamus, kuma da fata aka fara yin sa, domin asalin sana'ar kamfanin jima ce. Zoben yana da leɓe siriri da ɗan sifirin da ke matse shi a jikin sandar. Leɓen yana zamewa ne a kan shimfiɗar mai wadda kaurinta bai wuce maikiromita 1 zuwa 3 ba. Ɗaliban ilmin halittu za su tuna cewa faɗin jan ƙwayar jinin mutum kamar maikiromita 7 zuwa 8 ne. Abin da ke aiki a kan tazara ƙarama haka, ƙaramin kuskure ma ya isa ya lalata shi.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Sanadi na farko, wanda sau da yawa ake mantawa da shi, shi ne toshewar kafar numfashi. A saman aksil akwai wata 'yar kafa da ke barin iska ta fita ta shiga. Aikinta daidai yake da na siririn bututun da ya haɗa tsakiyar kunnen mutum da maƙogwaro, wanda ke daidaita matsin iskar ciki da ta waje. Wanda mura ta taɓa toshe wa wannan bututu ya san azabar da dodon kunne ke sha. Haka sil ke sha idan laka ta toshe kafar aksil, ko zanzaro ya gina ɗakinsa a bakinta sa'ad da mota ta daɗe a ajiye.

Ga lissafi mai sauƙi. A ɗauka iskar cikin aksil tana digiri 27 da safe, wato 300 a ma'aunin Kelbin. Bayan doguwar tafiya ta kai digiri 87, wato 360. In babu mafita, matsinta zai ƙaru da kashi 20 cikin 100, kuma wuri mafi rauni da zai tura mai ta cikinsa shi ne leɓen sil. Da damina abin yakan juya. Mota ta taho da zafi ta faɗa rafi, iskar ciki ta huce farat ɗaya, matsi ya faɗi, aksil ya zuƙo ruwa da yashi ta bakin sil. Shi ya sa wani lokaci in an zuye man sai a gan shi fari-fari kamar kunu.

Sanadi na biyu shi ne boris. In ya ci ko ya yi sako-sako, sandar ba za ta juya a tsakiya ba, sai ta riƙa kaɗawa, leɓen sil ya kasa bin ta. Na uku shi ne ita sandar. Yashi da ƙurar hunturu suna ɗauke da ƙwayoyin ma'adinin kwaz, wanda ya fi ƙarfe na yau da kullum tauri. In suka maƙale ƙarƙashin leɓen, a hankali sukan sassaƙa kwari a jikin sandar, kuma sabon sil da ya zauna a kan tsohon kwari ba zai tsare komai ba. Sauran laifin na hannun mutane ne: cika mai fiye da bakin kafar zubawa, da buga sil da guduma har ya karkace, da sa shi a bushe, da juya fuskarsa, alhali ɓangaren da ke da sifirin shi ya kamata ya fuskanci mai.

Wani zai ce ai jabun kaya sun cika kasuwa. Gaskiya ne, kuma araha ba ta ado. Robobin ma iri-iri ne: ta naitiril ba ta jure zafin da ya wuce digiri 100 zuwa 120, yayin da irin wadda ake kira Viton ke jure kusan 200. Sai dai in sil uku daga shaguna uku sun mutu a taya guda, sauran tayoyin kuwa lafiya lau, hankali ba zai yarda cewa laifin na shago ne ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Laifin kuma bai tsaya kan bakanike ba. Mai mota yakan biya kuɗin kaya ba gardama, amma in aka ce ya biya ladan awa guda ta bincike sai ya ga kamar cuta ce. Bakaniken da ya san ba a biyan tunani, dole ya koma sayar da gaggawa. Alhali binciken ba shi da tsada. A ɗaga mota da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza don a ji ko boris ya yi wasa. A kwance kafar numfashi a wanke, a hura a tabbatar iska na wucewa, in da hali a ɗaura mata tiyo a kai bakinsa can sama inda ruwan rafi ba zai kai ba. A shafa farce a jikin sandar, in ya maƙale to akwai kwari, sai a sa mata siririyar rigar ƙarfe ta gyara ko a canza ta. Bayan duk wannan ne sa sabon sil ke da ma'ana.

Kada a ɗauki lamarin da wasa. Man da ya zubo daga cibiyar taya kan birki yake sauka, takalmin birkin da ya sha mai kuwa ba ya kamawa, kuma wanki ba ya mayar da shi daidai, sai dai canji. Boris ɗin da ya rasa mai yana iya ƙonewa ya kafe ana cikin gudu. Waɗannan motoci su ne ke kai allurar rigakafi ƙauye, su ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. A halin rashin tsaron da yankin Tsafe da Bungudu ya shiga a shekarun nan, lalacewar mota a tsakiyar daji ba ƙaramar masifa ba ce.

Ga malamai, ina ba da shawarar a kai ɗalibai gareji ko sau ɗaya a zangon karatu. A nan za su ga dokar matsin iska da gogayya da taurin ma'adinai a zahiri, su kuma koyi tsarin da kimiyya ta ginu a kai: lura, zato, gwaji, sannan hukunci. Ga ɗalibai kuwa, duk sa'ad da kuka ga matsala ta dawo bayan an yi mata magani, ko zazzaɓi ne a gidan da ke kusa da kwatami, ko yoyo ne a bayan taya, ku tambayi abin da ke dawo da ita kafin a sake kashe ko sisin kwabo.